Fim ɗin Tsohuwar Baturiya a Bangon Cocinmu

Ina koyarwa a wata firamare a Kafanchan, a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da na sa wa raina sai na karanci wasan kwaikwayo a jami'a. Ni ke shirya wasan Kirsimeti a cocinmu, ni ke fitowa a mugun sarki idan samari sun noƙe. Gurbin karatu na samu, saura amincewar Baba. Baba kuwa dattijon ikilisiya ne, manomin citta, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma sauya magana. A wurinsa wasa a coci hidimar Ubangiji ce, amma mace ta mai da shi sana'a, wannan zubar da mutunci ne. Na roƙa, na yi kuka, na turo fasto, ko gezau.

Ana cikin haka wata tsohuwar Baturiya ta fara zuwa cocinmu. Ɗanta injiniya ne a reluwe, ya kawo ta kwatas ta huta da sanyin ƙasarsu. Gashinta fari fat, ba ta fashin sujada, alhali Hausa ko "zo in kashe ki" ba ta ji. Baba na ganin girmanta ƙwarai, har doya ya aika mata.

Wata rana ta tarar muna gwajin wasa, ta kira ni gefe ta gyara mini tsayuwa, ta ce ina yawan wurga hannu kamar mai korar ƙuda. Na ji haushi, amma gaskiyarta ce. A nan ta ba ni labari. Tun tana budurwa take wasa a dandamali a Landan, daga baya ta shiga fim, zamanin da fim ba ya magana, komai da fuska da hannu ake yi. Da fim ya fara magana aka ce muryarta ba ta dace ba, aka daina nemanta. Finafinanta duk sun lalace, sai guda ɗaya da take yawo da shi a gwangwani cikin akwatinta.

Nan take dabara ta faɗo mini. Ga mace ta yi wannan sana'a, ta tsufa da mutuncinta, Baba da kansa yana rusuna mata. In ya ga aikinta da idonsa, me ya rage ya ce?

Na aro injin majigi a wata sakandare, ɗanta ya kawo janareta, muka rataya farin zanen gado a bangon coci. Matsala ɗaya, fim ɗin yana da rubutun Turanci da ke fitowa jefi-jefi, kuma yawancin mutanenmu ba sa karantawa. Aka haɗa ni da wani mutum da ya daɗe yana bin motar majigi ƙauye-ƙauye, daga Godogodo har Kachia, yana yi wa jama'a bayani da lasifika. Na zaunar da shi na ce rubutun kawai zai fassara, in babu rubutu ya yi shiru.

"No wahala, Tica," in ji shi. "Wannan aiki na san shi tun kana ƙarami."

Rana na faɗuwa fili ya cika, har da 'yan kasuwa da ba mu gayyata ba. Na zaunar da tsohuwar a gaba, kusa da Baba.

Labarin fim ɗin na baƙin ciki ne. Tsohuwar ce, da ƙuruciyarta, ta fito a matar da mijinta ya tafi yaƙi, ɗanta ya kwanta ciwo, ta rasa yadda za ta yi. Amma injin na zamani ne, ya fi fim ɗin gudu, sai ga ta tana zirga-zirga a ɗaki kamar kazar da aka kora. Aka fara ƙyalƙyala. Wannan da sauƙi. Abin da ban sani ba, a ƙa'idar 'yan majigi ba a barin shiru. Mai bayani in ya yi shiru, to ya gaza. Mutumin nan ya dubi fim babu sauti ko kaɗan, ya ga gona ce ba mai ita.

"Jama'a, ga Madam! Oga ya tafi, Madam ya fara duba hanya!"

Likita ya shigo da jakarsa.

"Yauwa, ga boyfren ya iso da kayan toshi! Madam ya ce shigo, shigo, maigida ba ya nan!"

Fili ya ɗauki shewa. Na kutsa cikin mutane na kama hannun rigarsa, na ce ya karanta abin da aka rubuta ko ya ajiye lasifikar.

"Tica, bar ni mana. In na yi shiru mutane za su watse. Ba ka gani suna enjoy?"

Da zan iya, da na kwaɗa masa lasifikar a ka. Ban gama magana ba yaron cikin fim ya mutu. Fuskar uwar ta cika zanen gadon, bakinta a buɗe, kuka ba sauti. Ni dai ban taɓa ganin aiki irin wannan ba, har yau. Ta sulale ƙasa a gefen gado.

"Burkutu ya kama Madam!"

Dariyar da aka yi, ina jin har tashar jirgi an ji ta. Wata mata a bayana tana dukan cinya tana share hawaye. Na so in fasa ihu, in tsinke wayar janareta, in kori kowa. Na tsaya kawai ina haɗiyar takaici.

Da aka gama, tsohuwar ta miƙe ta rusuna wa jama'a irin na 'yan dandamali, aka tafa mata. Ta riƙe hannuna ta ce kada in damu, laifin injin ne, ko a ƙasarsu in ya yi gudu dariya ake yi. Har godiya ta je ta yi wa mai lasifikar, shi kuma ya washe baki ya karɓa.

A hanyar gida Baba na gaba, ina binsa ina zuba bayani. Na ce ba labarin ke nan ba, likita ne, yaron mutuwa ya yi, mutumin nan maƙaryaci ne.

"Na gani," in ji Baba. "Ina da ido. Matan nan ya iya aikinsa, ni ma sai da na ji hawaye."

Na ce, "To, Baba, ka yarda ke nan?"

Ya tsaya, ya juyo ya dube ni.

"A'a. Shi Baturiyan nan baƙo ne, bai ji abin da aka kira shi ba, zai hau jirgi ya koma da mutuncinsa. Ke a nan za ki zauna, 'yata. Kuma ke kina jin Hausa."