Mai Auna Hanyar Bututu

Kullum ina ganinsa a Ƙofar Wambai, yana gaban leburorin da ke haƙa ramin bututun famfo. Dogo ne siriri, sanye da tsohuwar kwat ta Bature wadda ta yi masa kaɗan. Ban san sunansa ba. Daga tsayuwarsa dai, ina zaton ya taɓa yin soja, ya sha tsawa har ya iya.

Zaɓi biyu aka ba shi: ko bututu ya tafi a miƙe, ko a lanƙwasa shi ya kewaye gini. Shi ke zaɓa. A zauren wani attajiri ya sa an karkata igiyar awo. Yau ga igiyar a bangon wata tsohuwa mai ɗaki ɗaya tal.

"Ɗana, ka kewaye ni mana, yadda ka kewaye Alhaji," in ji ta, tana durƙushe.

"Iya, kewaye na masu soro ne. Wannan ɗakin naki ko akuya ta jingina sai ya faɗi."

Bai ko dube ta ba, ya miƙa wa wani lebura diga.

"Tanko, fara daga nan. Iya, kwashe tabarmarki, ko mu haƙa da ita."