Bulon Ƙaramin Malam Ya Kwana Ashirin da Tara

Daga Allah muke, gare Shi kuma komawarmu take. Ranar Talata, 9 ga watan Yuli, da hantsi, Allah Ya karɓi ran mataimakin malami na sashenmu na injiniyan gine-gine, wanda jami'a kaf ta sani da Ƙaramin Malam, bayan jinyar mako guda. Ya rasu yana da shekara arba'in da ɗaya, ya bar mahaifiya, da mata, da 'ya'ya uku. Ni ma mataimakin malami ne, tebur ɗaya muka raba da shi shekara huɗu, kuma Yaya nake ce masa.

Yaya, sunan nan ya bi ka tun ranar da aka ɗauke ka aiki, a kan sharaɗin cewa da zarar ka gama digiri na uku za a mai da kai cikakken malami. Shekara tara ke nan. Furfura ta fito maka a gemu, wasu da ka koya wa riƙon ma'auni sun fita waje sun dawo da digirinsu sun zama na gaba da kai, kai kuwa kana nan Ƙaramin Malam.

Aikinmu ba shi da suna mai daɗi. Farfesa ya yi lacca ya kama gabansa, mu za mu zauna da ɗalibai ɗari da hamsin mu warware abin da ya ƙulla. Mu ne duba takardu, mu ne tsaron jarrabawa, mu ne buɗe ɗakin gwaji da kulle shi. Kai sai ka ƙara wa kanka wahala: ba ka taɓa jan jar biro a kan amsa ka wuce ba, sai ka bi lissafin layi-layi har ka gano inda ƙafar ɗalibi ta zame, ka rubuta masa a gefe. Na taɓa ce maka wannan ɓata lokaci ne. Ka ce, "Ƙanena, wanda ya yi kuskuren nan a takarda, gobe a kan gada zai yi shi, kuma ba ka san wa zai bi ta kai ba."

Bincikenka a kan kankare ne, yadda za a rage siminti a sa tokar ɓuntun shinkafa. Ga wanda bai san sana'ar ba, ƙa'idar ita ce a zuba kankaren a ƙananan bulo, a jiƙa su a tankin ruwa, ranar da suka cika kwana ashirin da takwas cif a sa su a injin matsa har su fashe, a rubuta nauyin da suka ɗauka. In ranar ta wuce, Farfesa ba ya karɓar sakamakon, sai a sake zubi daga farko. Injin kuwa ɗaya ne a sashen, ba ya tashi sai da babban janareta, janaretan kuma awa huɗu ake kunna shi a yini.

Nan ne aka ɗaure ka. Ɗaliban ajin ƙarshe su ma bulo suke zubawa, su ma ranarsu ba ta ɗaguwa, wanda ya rasa ta yana iya rasa fita a shekarar. Sau shida a gabana ranarka ta haɗu da tasu, sau shida ka tsamo bulonka daga ruwa ka jera su a bayan ɗaki, ka ba yara injin. Har wata ɗaliba mai juna biyu ka ɗaukar wa nata ɗaya bayan ɗaya, ranar da naka suke jira. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Kai ka jiƙa dutse shekara da shekaru, romon wasu suka sha.

Ban ɓoye maka ba, haƙurinka yana ba ni haushi. Nakan ce ka ajiye aikin, kamfanonin gini suna neman irinka. Sai ka ce in ka tafi yanzu shekara taran ta tafi a banza, in ka zauna kuma ta goma ta bi su. Gaba kura, baya sayaki. Ko jinyar mahaifiyarka ba ka taɓa yin mako cikakke ba, don kullum akwai wani abu a ruwa da ke ƙirga kwana.

Zubin ƙarshe ka yi shi ne ranar da ka duba jadawali ka tabbatar babu kowa a ranar cikarsa. Farfesa ya ce wannan kaɗai ya rage ya sa hannu. A kwana na sha biyu ciwo ya kayar da kai a bakin allo. Da na je asibiti, ba ka tambaye ni ɗalibai ba, karo na farko. Ka riƙe hannuna ka ce, "Alhamis, sha takwas ga wata. Ko ina kwance, ka fasa mini su." Na ce na ɗauka.

Kwana uku bayan jana'iza shugaban sashe ya kira ni, ya yi maka addu'a mai tsawo, sannan ya miƙo mini azuzuwanka da makullin ɗakin gwaji. Ya ce saboda rasuwar an rasa mako guda, don haka an matso da komai. Da na buɗe littafin ɗakin sai na tarar rukunin ɗalibai goma sha ɗaya sun yi zubi da yammacin ranar da ka yi naka, kuma da hannunka ka buɗe musu, ka rubuta sunansu.

Ranar Alhamis na tsamo naka tun da safe, guda talatin da shida, na jera su kusa da injin. Ɗaliban suka shigo da nasu a baro, suka ja suka tsaya, don sun gane rubutunka a jikin bulon. Ba wanda ya roƙe ni. Na dubi agogo, na dube su, na ce ɗalibi na farko ya kawo nasa. Na yi ta gaya wa kaina zan rage maka rabin awa. Janareta ya mutu saura mutum biyu ma a cikinsu, sai da na je na durƙusa wa mai kula da shi ya ƙara mana minti ashirin, su ma na yaran ne.

Yaya, ban cika maka alkawari ba. Maiɗakinka ta tambaye ni ko abin da kake jira a ruwa ya yi kyau, na ce mata ai aikinka ba ya ɓaci, na kasa ɗaga kai. Ni ma yanzu shekarata huɗu a kan nawa kundin digiri na uku, kuma na ga hanyar da zan bi, ba na jin zan iya kauce mata.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da maiɗakinka, da yaran, da ɗaliban da suka fita ta kan kafaɗarka. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari. Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata maka kabari, Ya sa ranar hisabi kada a ce maka ka jira wani ya gama. Ni kuma ka yafe mini.