Ƙafa Ɗaya a Ƙofar Masallacin Misra

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba rake ya yi kyau a fadamarmu ta Gazara, Baffa ya ce lokacin hajjinsa ya yi. Yayan mahaifina ne, shi ya riƙe ni, a zaurensa na sauke Alƙur'ani kafin a sa ni boko. Ya tsufa, idonsa ya soma rauni, sai dangi suka haɗa hannu suka biya mini kujera in tafi in riƙe masa jaka. Lokacin ina koyarwa a firamare a Makarfi, ana ganin mai ɗan Turanci ba zai ɓace a filin jirgi ba.

Aikin hajji ya tafi lafiya. A hanyar dawowa aka ce jirginmu zai ajiye mu a Alƙahira, babban birnin Misra, da hantsi, sai bayan magariba wani zai kwashe mu zuwa Kano. Da na gaya wa Baffa, ya kama hannuna ya matse. Kusan duk littafin da ya karantar a rayuwarsa bugun Misra ne. Tun muna yara yake ba mu labarin babban masallacin birnin, inda malamai ke jingina da ginshiƙai ɗalibai sun kewaye su. Bai taɓa gani ba, a bakin malaminsa na Zariya ya ji.

"Raka'a biyu kawai," in ji shi. "In zauna a gefen darasi, ko ba wanda ya san da ni."

Jagoran tawagarmu wani matashin ma'aikaci ne daga Kaduna, cikin waɗanda suka gaji kujerun Turawa, fasfonmu duka a jakarsa. Ubansa manomi ne a Likoro, Baffa ya san shi. Na je na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, Baffa na roƙon a biya da shi masallacin karatu."

"Ba damuwa, za mu biya," ya ce, bai ko dube ni ba.

Aka yi hayar ƙaramar bas muka shiga gari. Ban taɓa ganin mutane haka ba sai a Arfa, kuma su na Arfa wuri ɗaya suka dosa. Nan kowa da inda ya nufa. Tarago na bin tsakiyar titi mutane sun maƙale a ƙofofinsa, amalanken jaki na gogayya da motoci, wani a kan keke ɗauke da faifan gurasa a ka yana ratsa su. Bene kan bene, ko'ina an shanya wanki. Baffa ya manna fuska da gilashi yana tambayata, "Mun zo?"

Bakin kogi aka fara kai mu, jagora ya tsaya aka ɗauke shi hoto, jiragen ruwa a bayansa. Daga nan sai kantin rediyo. Sai na turare. Sai na yadi, inda ya sa aka sauke masa bandir bayan bandir yana zaɓar wa uwargidansa. Mu muna cikin mota muna gumi. Azahar a gefen titi muka yi ta, kan kwalin da direba ya ba mu.

Da la'asar ta kawo jiki Baffa ya yi magana da kansa. "Ɗana, rana tana tafiya."

Jagora ya juya ga wani abokinsa da ke cikin motar ya ce da Turanci, tsofaffin ƙauye sai su, ka kawo su birnin duniya suna neman masallaci kamar ba daga Makka suke ba. Suka yi dariya. Baffa ba ya jin Turanci, amma dariya ba ta buƙatar tafinta.

Daga ƙarshe dai aka doshi tsohon gari. Titi ya cushe, mota ta tsaya cik. Direba ya nuna wasu hasumiyoyi can gaba ya ce ga shi nan. Jagora ya dubi agogo ya ce lokaci ya ƙure, in an samu hanya a juya. Kafin ya rufe baki Baffa ya buɗe ƙofa ya sauka. Na bi shi.

Taron ya haɗiye mu. Kafaɗa ta ko'ina, hayaƙin gashin nama, ihun 'yan talla. Hasumiyoyin suka ɓace mana a bayan gidaje. Baffa ya tsaya gaban wani mai sayar da gahawa ya tambaye shi hanya da Larabcinsa na littafi, kowace kalma da wasalinta. Mutumin ya saki baki, sannan ya kira maƙwabtansa su zo su ji. Ɗaya ya ɗaga hannuwa ya ce, "Sadaƙallahul azim," kamar wanda aka gama wa karatu. Suka kwashe da dariya. Mutumin da ake tasowa daga Ikara da Kudan a durƙusa a gabansa don a warware jimla ɗaya, shi ne yau abin dariyar masu gahawa. Wata tsohuwa ce ta ja hannun rigarsa ta nuna mana lungu.

Muka isa. Baffa ya dafa ni ya sunkuya ya cire takalmi ɗaya. Sai ga jagora ya ɓullo yana haki, hularsa a hannu.

"Malam, wallahi in ka shiga, nan zan bar ka! Fasfonka yana hannuna. Ba zan rasa jirgi saboda taurin kan tsoho ba."

A gaban jama'a ya faɗa, da murya irin wadda ake yi wa ɗan aike. Na ce, "Ranka ya daɗe, raka'a biyu ce." Ya ce in na ƙara magana zai rubuta wa ofishin ilimi a kaina.

Baffa ya tsaya ƙafa ɗaya a kan dokin ƙofa, yana leƙen ciki. Hasken tsakar masallacin ya fi ƙarfin idonsa.

"Me kake gani?" ya tambaye ni.

Na ce fili ne fari, da ginshiƙai, da tattabaru, ga wasu samari suna kai da komo da littattafai a hannu.

"Akwai mai ba da karatu?"

"Akwai wani can ciki, an kewaye shi."

Ya jinjina kai. Ya sunkuya ya mai da takalminsa.

Jirgin da aka yi mana wannan gaggawa dominsa bai tashi ba sai washegari da safe. A benci muka kwana, jagora kuwa a ɗakin manya.

Da muka dawo gida, masu zuwa barka suna tambayar Baffa yaya Misra, sai ya ce, "Gari ne babba, akwai mutane." Bai taɓa ƙarawa a kan haka ba, ni ma bai sake tayar mini da zancen ba. Ya ci gaba da karantarwa har idon ya rufe gaba ɗaya, bayan 'yan damuna ya rasu.

Ranar sadakar uku sai ga doguwar mota. Jagoranmu ne, an ƙara masa girma, ya yi ƙiba. Aka shimfiɗa masa darduma a gaba. Bayan addu'a ya dubi jama'a ya ce Allah ya jiƙan Malam, shi ne da kansa ya kai shi har masallacin Misra. Dattawa suka yi ta sa masa albarka. Ina zaune a bayansa da butar alwala a hannu, aka ce in tashi in kawo wa babban baƙo ruwa.