Ɗakin Inna Hawwa da Muka Toshe

Har gobe ban manta da wata Alhamis a unguwar Nuzla ba, a shekarata ta biyu a Jidda. Lokacin ni ne shugaban ma'aikata a gyaran wani ribaɗi, wato gidan waƙafi da ake zaunar da tsofaffin mata marasa kowa. Tsohon gini ne. Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na ta aiki ba hutu, amma sanyin na zurarewa ta kowace kafa. Aikinmu shi ne mu manna allunan tare zafi a bango, mu sauya tagogi, mu toshe duk wata ɓaraka, don wutar da gidan ke ci ta ragu.

Ƙa'ida ita ce kafin a taɓa ɗaki sai an shiga an ga yadda mai shi ke zaune, an rubuta. To, ni namiji, gida na iyaye mata. Kunya ta sa na tsaya daga bakin ƙofa na cika takardun. Da muka zo aiki kuwa, an riga an kwashe kayansu, ɗakuna fayau muka tarar.

Ran Laraba muka gama ɗakin Inna Hawwa, wata tsohuwa haifaffiyar Jidda, ta koma abinta. Washegari da la'asar ina tattara kayan aiki sai ga Hajiya Maryam, mai kula da gidan, da ledar gawayi. Na tambaye ta na mene ne. Ta ce na Inna Hawwa ne, ita ba ta shan shayi sai na garwashi, yanzu ma tun azahar ta hura ta rufe ƙofa.

Wallahi nan take na watsar da kayan aikin. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai kisa, ba wari, ba hayaƙi. Kuma da hannuna na toshe ɗakin nan.

Ban san yadda na hau benen da ɗakinta yake ba. Na buga, shiru. Na kira, shiru. Na sa kafaɗa na banke ƙofar. Tana jingine da bango, ido rabi a buɗe, kasko ya yi jajir a gabanta. Na wangale taga, ni da Hajiya Maryam muka kinkimo ta waje, muka yi asibiti.

Allah Ya sa da sauran kwana. Da ta farfaɗo ta dube ni ta ce, "Ya waladi, ɗana, tun kafin a haife ka nake shan shayina haka, ko ciwon kai ban taɓa yi ba."

Gaskiyarta. Ruɓaɓɓiyar tagar da muka cire ce ke ba ta iska.

Da na kai rahoto, muhandis, injiniyan da ke kanmu, bai yi mini faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Ka shiga ɗakin?" Na ce ban shiga ba. Ya ce halas, shi ke nan, a tsayar da aiki sai an fasa wa kowane ɗaki mashigar iska.

Ku da kuke shigowa aikin nan, auna bango kowa ya iya. Ni tun ranar ba na sa hannu sai an ga mai ɗaki da abin da take kunnawa. Inda ba zan iya shiga ba, mace nake nema ta shiga, ko da aikin zai yi mako a tsaye.