Sista ta ɗauki mai magani

Shekara goma sha bakwai Sista ta yi a ɗakin agajin gaggawa na asibiti, aikin ya bi jikinta. A tsaye take cin abinci. Ko kasuwa za ta, sauri take kamar ana jiranta da gadon marar lafiya. Idan yaranta suka faɗi suna tsala ihu, kallo ɗaya take musu ta ce su tashi. Amma bari ɗaya ya yi shiru a lungu, nan take za ta ajiye ludayi.

Shirun da ya fi ƙarfinta shi ne na ƙaninta, Auta. Ranar da ya karɓo takardar digirinsa motarsu ta kife a hanya. Shi ko ƙwarzane bai yi ba, na kusa da shi kuwa bai tashi ba. Sati bakwai ke nan yana ɗakin baƙi a gidanta, bai leƙa ƙofar gida ba, maganarsa ba ta wuce "to" da "na ƙoshi". Ta auna jininsa, ta haska idonsa, komai daidai. Abin da ta rasa shi ne yadda za ta fito da shi.

Wata Asabar da la'asar ta shigo da kwalin wasan bidiyo a hammata, tana haki don murna. Mai shagon ya rantse mata babu kamarsa: jarumai uku, kogo bakwai, da dodo mai aman wuta wanda a hoton kwalin ya rufe rabin sama. Abin da ya sa ta saya kuwa, wasan ba ya tashi sai da mutum uku.

"Auta, fito ka cika mana. Ni da Baban yara mu biyu ne, abin ya ƙi."

Ya fito ya zauna a bakin kujera. Mijinta, mai walda ne, ya zaɓi jarumi mai gatari yana murza hannu. Aka ba Auta mai baka. Sista ko tunani ba ta yi ba ta ɗauki mai magani.

Tun kogon farko wasan ya fara ba su kunya. Aljanun da ake yaƙa duk fuskarsu ɗaya, kuma sai su tsaya a layi ana saransu. Kogo na biyu shi ne na farko, an dai canza masa fenti. Mai gatari ya maƙale a bango, ƙafafunsa na ta gudu a iska.

"Kai, wannan ko ƙofar da yaran shagona suka haɗa ta fi shi tsari!" in ji mai walda.

A wata gada abin ya cakuɗe. Aljanu suka yi wa mai gatari taron dangi, ya shiga kwarara ihu har maƙwabta na ji.

"Sista, magani! Sista, za su kashe ni!"

Ba ta ko waiwaye shi ba. Mai maganinta na manne da mai baka, wanda ke tsaye can gefe ba ya motsi, tana ta ɗura masa kwalba bayan kwalba. Mai gatari ya faɗi, aka mayar da su farkon gadar. Haka aka yi sau huɗu.

"Wai ke ba kya jin kirana ne? Mijinki ne fa ke mutuwa!"

"Mai ƙarfin ihu irin naka ai da sauransa," ta ce, idonta na kan talabijin. "Mu a wurinmu wanda ya yi shiru ake fara dubawa."

"Nan ba wurinku ba ne, baiwar Allah!"

A karo na biyar, ta sake nufar mai baka da kwalbarta ta ƙarshe.

"Yaya, don Allah ki ƙyale ni!"

Rimot ya kusa suɓuce mata. Auta ne, ya miƙe tsaye yana nuna talabijin da yatsa.

"Dubi jan layin nan a kaina, cike yake, lafiyata ƙalau! Nasa ne ya ƙare. Kai kuma Oga, ka daina shiga tsakiyarsu kamar mai rabon faɗa, ka tsaya bayana. Yaya, hagu! Hagunki, ba nawa ba!"

Ta bi hagu. Ba ta yarda ta kalle shi ba, kada ya lura ya koma ciki. Suka haye gadar da ihu su uku, mai walda ya doki tebur har kofi ya faɗi. Daga nan Auta ne ke ba da umarni, su kuwa suna "to, ranka ya daɗe".

Sai ga dodon. Bai kai akuya ba. Ya yi tari sau biyu, ɗan hayaƙi ya fito, ya taho da gudu ya maƙale a ƙofar kogonsa. Kibiya uku Auta ya sakar masa ya kife. Rubutu ya fito wai sun ceci duniya.

"Shi ke nan?" Auta ya ɗauki kwalin yana juya shi. "Wannan ƙadangaren ne ya rufe sama? Wa ya sayar miki da wannan, Yaya? Wallahi sai na gaya masa a gaban idonsa."

"Shagon na bayan tasha," ta ce a hankali. "Sai magariba yake rufewa."

Mai walda ya zaro makullin motarsa. Auta ya bi shi har tsakar gida yana ta faɗa, sai da aka buɗe masa ƙofar motar ya tsaya cak. Ya daɗe yana kallon kujerar.

"A ƙafa za ni," ya ce.

Tafiyar ta kai ta minti arba'in, ita kuwa tun asuba take tsaye a asibiti. Ta zura takalman aikinta, ta riga shi buɗe ƙofar gida.

"To mu je. Amma ka ɗaga ƙafa, ni ban iya tafiyar yanga ba."