Inci Uku Cikin Gidan Tela

Mahaifina kafinta ne. A unguwarmu Mai Awo ake ce masa, don ko yara ne ke gardamar wa ya fi tsawo, sai ya zaro tef daga aljihu. Shekara arba'in yana sana'ar, ba a taɓa dawo masa da ƙofa don ta ƙi shiga ba. Abin alfaharinsa ke nan, shi ne kuma ciwonsa, domin wanda bai saba kuskure a katako ba sai ya ɗauka a komai ma haka yake. Innarmu takan ce ko aljanna aka buɗe masa, sai ya auna ƙofar kafin ya shiga.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Baba Tela. Tare suka yi gini, tare suka tare. Kullum da yamma Baba Tela zai rufe kekensa ya zo ya zauna a bencin shagon Baba, su yi ta musu kan abin da bai shafe su ba har a kira su cin abinci. Shi ya ɗinka mini rigar makaranta ta farko, teburin da yake yanka a kai kuwa aikin Baba ne.

Rumfar da Baba ke jibge katako tana jingine da katangar, bakin kwanonta ya ɗan leƙa tsakar gidan Baba Tela. A ƙarƙashin wannan bakin kwano rina ta yi gida. Da fari bai wuce dunƙulen hannu ba, kafin wata biyu ya kai murfin tukunya.

Wata rana Baba Tela ya ce, "Mai Awo, baƙinka fa sun dame mu. Jiya sun harbi uwargida wajen shanya." Da a nan ya tsaya, da an wuce wurin. Sai ya ƙara da dariya, "Dama tun farko rufin nan naka ya ci mini iyaka."

Ka zagi Baba ya yafe, amma ka ce awonsa ya karkace? Ya tashi ya ɗaura ƙusa a zare, ya saki daga bakin kwanon, ya miƙa tef.

"Inci uku cikin gidanka," in ji shi. "Rinarka ce, Tela."

"A jikin katakonka take rataye."

"A sararin gidanka take lilo."

Har yau takaicin wannan awo bai bar ni ba. Shi da kansa ya tabbatar rufinsa ya shiga gidan mutane, amma ya naɗe tef yana murmushi kamar ya ci gari. Inna ta yi magana, ni ma na yi, ya ce yaushe muka koyi sana'ar. Baba Tela ya sake tuna masa sau biyu, daga nan ya daina zuwa benci.

Ranar wata Talata da rana tsaka muka ji ihu. Baba Tela ne, mutum mai shekara sittin da bakwai, ya hau tsani da tsumma da kananzir zai ƙona gidan rinar da kansa. Suka yi masa caa a fuska. Ya saki tsanin, ya faɗo kan siminti, ƙashin ƙugunsa ya karye. Baba ne ya fara isa wurin, shi ya ɗauke shi, rina na harbinsa bai ko ji ba. Washegari da sassafe ya cire gidan rinar, aikin da bai ci minti goma ba.

Babban ɗan Baba Tela ya kai ƙara. A kotu Baba ya fara bayanin inci uku, alƙali ya katse shi.

"Katakon na wa ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"An gaya maka suna harbin mutane?"

"An gaya mini."

"Sau nawa?"

Aka ɗora masa laifin sakaci, aka ce jinya a wuyansa take, kuma ya yanke bakin kwanon. Duk ya yi, bai yi musu ba. Sai dai ƙafar da ke taka keke ba ta koma daidai ba, kuma tela da ba ya taka keke zaman me zai yi? Ɗan ya ce zai tafi da iyayensa garin da yake aiki.

Ranar tashinsu Baba ya sa tufafinsa masu kyau ya fita. Na san abin da ya je faɗa, don na ji shi yana bitarsa a shago. Baba Tela na zaune a gaban mota da sanda tsakanin gwiwoyinsa, ya ɗago yana jira. Baba ya tsaya, ya dube shi, ya dubi keken da aka ɗaure a baya.

"Igiyar nan ba ta ɗauru ba," ya ce.

Ya kwance ta ya sake ɗaurewa da kyau. Baba Tela ya ce, "Na gode, Mai Awo." Mota ta tashi.

Wata takwas bayan nan aka aiko mana da labarin rasuwar Baba Tela. Na tarar da Baba a shago, zaune a ƙasa cikin ɓawon katako. Na ce ya yi haƙuri, ai ya yi abin da kotu ta ce.

"Kotu ba ta san komai ba," ya ce. "Tsanin nawa ne. Ran nan ya zo aro, na miƙa masa. Na san ba a taɓa rina da rana, sai da sanyin safiya kafin su tashi. Maganar tana bakina, 'yar nan. Na ce in na faɗa, zai ce na yarda tawa ce."