Ranar da Na Ce Ƴaƴana Biyu

Talata ce, tsakiyar bazara. Ƙarfe shida saura, famfon gidan Iya Dije maƙwabciyarmu ya fara tari. Wanda ya zauna a Damagaram ya san wannan tarin: iska ce take fara fitowa, sai ruwa ya biyo baya. Kwana huɗu ba mu ga ɗigo ba a unguwar. Na tashi ƴata ta fari, mai shekara tara, muka shiga jigilar jarka. Bakwai da rabi na ɗaura mata ɗankwali, na saka mata ƙosai a leda, ta ruga lakwal, wato makaranta, don ta makara. Ƙannenta biyu suna barci, Habu mai shekara huɗu da Rakiya wadda ko yaye ta ban yi ba.

Ubansu ɗan kasuwa ne daga ƙetaren iyaka, wajen Kano, yana sayar da kayan gyaran babur. Shekara goma muna tare. Duka ba sabon abu ba ne a gidan. Mari, naushi, jifa da kwano, duk na sha, kuma duk wanda na kai wa kuka haƙuri yake ba ni. Haƙurin nan na ci shi har ya fita a kaina.

Ƙarfe tara ya dawo daga shago ɗaukar wani abu. Muka yi kiciɓis a zaure, jarka tana kaina.

"Da izinin wa kika fita?"

Abin da ya ce ke nan. Wallahi ruwan da zai yi wanka da shi ne a kaina.

Ya sa sakata. Ya fara da hannu. Jarkar ta faɗi ta fashe, ruwan ya malale tsakar gida. Na zame na faɗi. Ya ɗauko taɓarya. Na farko ya same ni a gira, jini ya rufe min ido ɗaya. Na biyu na tare da hannun hagu, na ji ƙas, kamar an karya kara. Habu yana ta ihu a ƙofar ɗaki.

Iya Dije ta hau dukan ƙofa da dutse.

"Buɗe! Buɗe, za ka kashe ta!"

Ya zare sakatar don ya zage ta. Ta nan na kutsa ta ƙarƙashin hannunsa. Ba takalmi, ba hijabi. Na ji kukan Rakiya daga ɗaki, na tsaya.

"Gudu!" in ji Iya Dije. "Yaran suna wurina! Gudu!"

Na gudu. Yashi yana ƙona min tafin ƙafa. Na riƙe karyayyen hannun da ɗayan, yana lilo. Mutane suna kallo daga bakin shaguna, ba wanda ya motsa. Wani dattijo mai kabu-kabu ne ya ja birki a gabana ya ce, "Hau!" Bai tambaye ni komai ba. Allah ya saka masa da alheri duk inda yake.

Goma saura minti goma muka isa ƙaramin asibitin unguwa. A nan na fara ganin Madam Ramatu, shugabar masu jinya, doguwar mace mai tabarau rataye da zare a wuya. Matan da suka zo awo sun yi min caa, kowa yana leƙe.

"Ku ba da hanya! Kowa waje!"

Ta rufe ƙofa, ta ja labule. Ta cire mayafinta ta rufa min. Kafin ta taɓa ko'ina sai ta ce, "Ƙanwata, zan taɓa nan, kin yarda?" Ni da aka shekara goma ana taɓa ni ba a tambaya, sai na ɗaga mata kai. Ba ta ɗaga hannun ba, almakashi ta sa ta tsaga hannun rigar. Ta ɗaure shi da katako biyu. Ta wanke girar da jan magani, ta yi ɗinki biyar, tana gaya min kowanne kafin allura ta shiga. Ta ɗauko takarda mai zanen jikin mutum, duk inda ta ga rauni ta sa alama, har tsofaffin tabo na baya. Ta rage murya ta tambaye ni ko yana tilasta min a shimfiɗa. Na gyaɗa kai. Ta rubuta, ta ce akwai magani da gwaji in na amince, kuma ba wanda zai ji daga bakinta.

Abu ɗaya ne ba ta tambaye ni ba. Ba ta ce, "Me kika yi masa?" ba. Ita ce mutum ta farko.

Goma da rabi na ji muryarsa a bakin asibitin. Cewa yake matarsa ce, faɗuwa ta yi, a ba shi ita. Madam Ramatu ta leƙa ta taga, ta ƙwala wa mai gadi kira.

"Gardi, rufe ƙofa! Ka gaya masa na kira ƴan sanda!"

Na ji ya tada babur, ƙarar ta yi nisa.

Ta dawo da waya a kunne, biro a hannu. Ta ce motar ƴan sanda za ta je ta kwaso yarana yanzu, kafin ya kai gare su.

"Ƴaƴanki nawa?"

"Biyu," na ce.

To, ga wanda bai san mu ba. A wurinmu mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta ƙirga shi in an tambaye ta. Kunya ce, haka muka taso muka gani. Innata ba ta taɓa sa Yaya Musa a lissafi ba, mu bakwai ne amma shida take cewa har ta rasu. Ni ma shekara tara ina cewa biyu, ko ɗaya, ko babu. "Ke" nake kiran yarinyar. Ba tunani na yi ba a ranar. Bakina ne ya faɗi abin da ya saba. Sha ɗaya saura minti ashirin ke nan.

Ta rubuta biyu. Ta tambayi sunayensu, na faɗa, na kwatanta gidan Iya Dije. Ta yi min allurar kashe zafi. Fankar sama ta fara yi min nisa, barci ya ɗauke ni.

Kiran sallar azahar ne ya tashe ni. Rakiya tana gefena tana jan rigata. Habu yana zaune a ƙasa da biskit a hannu. Na duba bayan ƙofa, na duba ƙarshen gado. An tashi lakwal tun sha biyu.

"Madam, ina yayarsu?"

Ta juyo a hankali. "Wace yaya?"

Ban taɓa ganin fuska ta canza haka ba. Ta saki faranti da almakashi suka zube ƙasa. Ta kamo waya.

"Wace lakwal? Aji nawa? Sunanta!"

Na buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Wallahi tallahi ya ƙi fita.

"Balki, faɗi sunanta!"

"Nafisa," na ce. Ranar na fara jin sunan da muryata.

Wayar ba ta shiga ba. Madam Ramatu ta bar wa abokiyar aikinta ɗakin, ta hau babur ɗinta da farar rigar aiki, ta tafi da kanta. Na zauna ina kallon agogon bango. Biyu da rabi. Uku saura kwata. Ƙarfe uku ta shigo, ta zauna a bakin gadon, ta riƙe hannuna mai lafiya. Ba ta yi kwana-kwana ba.

Ta ce sha ɗaya da kwata uban Nafisa ya je lakwal. Ya ce wa malamar uwar yarinya ba lafiya. Uba ne, wa zai hana shi? Motar ƴan sanda kuwa ta wuce ta ƙofar lakwal ɗin ƙarfe sha ɗaya, za ta gidan Iya Dije. Ta ƙofar! Takardarsu ta ce biyu, biyu suka ɗauko. Iya Dije ta zaci an riga an biya lakwal an ɗauki Nafisa, ganin kaki kuma ya ɗaure mata baki. Shagonsa a kulle. A tasha an ga mutum da yarinya mai jan ɗankwali sun shiga motar Matamaye kafin sha biyu. An buga waya iyaka, amma hanyoyin daji sun fi a ƙirga.

Na yi ihu. Na zagi kaina, na zagi kunya, na zagi ranar da aka koya min ita. Madam Ramatu ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta bar ni na yi har murya ta dushe. Sannan ta cire tabaranta ta ce, "Ni ma ina da laifi. Nawa na fari ba na ƙirga shi. Na san mu sarai, kuma ban ce miki har da na fari ba."

Ita ta raka ni babban asibiti aka yi hoton hannun, aka sa filasta. Ta ba ni takardar likita da ta ce in riƙe kamar raina, da wasiƙa zuwa ga mai jinya a Takieta don wanke ɗinkin. Ta ce kada in kwana a gari, abokan kasuwancinsa sun san duk gidan da zan iya shiga. Ita ta kira Yaya Musa ya zo daga garinmu Garagumsa. Ƙarfe biyar muka fita ta ƙofar baya.

A mota Rakiya tana cinyar Yaya, Habu yana jingine da ni. Duk yarinyar da muka wuce a bakin hanya sai na leƙa. Rana tana gab da faɗuwa muka kai Takieta. A nan hanya take rabuwa: miƙe ka tafi garinmu, ka karya hagu ka nufi Matamaye da iyaka. Ta nan aka bi da ƴata awa biyar da suka wuce. Na kama marfin mota da hannu ɗaya.

"Direba, tsaya! Sauke ni!"

"Zauna!" in ji Yaya Musa. Ya riƙe ni ta kafaɗa. "Ja mu tafi!"

Motar ta miƙe. Na juya ina kallon hanyar hagun har ta ɓace.

Shekara uku ke nan. Hannun ya haɗe, sai dai ba ya ɗaukar jarka. An raba auren, alƙali ya ba ni takarda, tana cikin jakata tare da ta likita. Yaya Musa ya ƙetara iyaka nemanta sau biyu. Dangin ubanta suka ce ba su san inda ya koma ba, suka kawo masa ruwa ya sha. Sau ɗaya wata mace ta kira ta ce yarinya tana lafiya, ta kashe wayar. Madam Ramatu tana kira na duk Juma'a, ba ta taɓa fashi ba. Tambayarta ta farko kullum ita ce ko an ji labarin Nafisa.

Da ƙaramar sallar bana na sayi yadi na mutum uku, iri ɗaya. Na kai wa tela. Ya auna Habu, ya auna Rakiya, ya ce ina ta ukun. Na ce ba ta nan. Ya ce to in ba shi awonta. Na sa hannu a ƙirjina, daidai inda kanta yake kaiwa.

"Shekararta nawa?"

"Sha biyu."

"Ai Hajiya, ƴar sha biyu ta wuce nan."

Na tsaya da hannuna a wurin. Ban san inda zan kai shi ba.